Littafin aikin dandamalin maikuroskof: neman sukurun da zai yi takun maikuron 2

5 ga Janairu

Na buɗe wannan littafi ne don abin da nake gwadawa ya daina ɓacewa a kaina. Aikin shi ne ɗan dandamali da zai riƙa ɗaga abin da nake dubawa a ƙarƙashin maikuroskof, ya kuma sauke shi, a hankali ƙwarai. Hoton ƙananan abubuwa nake ɗauka, irin fuffuken ƙwaro da garin fure, kuma gilashin da ke ƙara girma sau 20 ba ya nuna abu tangaran sai a cikin kauri na maikuron 3 zuwa 4. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk abin da ya ɗara nan tudu ko zurfi, dishi-dishi yake fitowa. Dabarar ita ce a ɗauki hotuna da yawa, kowanne a tsayi dabam, sai kwamfuta ta tsinto wurin da ya fito sarai a kowane hoto ta haɗa su. Amma hakan ba ya yiwuwa sai an iya matsar da abin maikuron 2 a kowane taku, sau ɗari ko fiye, ba tsallake, ba komawa baya.

Duka tafiyar da nake bukata milimita 15 ce. Layin zamiya ina da shi, ƙarami mai boris a ciki, yana tafiya sumul. Saura sukurun da zai tura. Haƙoran nan da suka nannaɗe jikin sukuru, waɗanda makanikai ke ce wa tiredi, a kansu maganar take: tazarar da ke tsakanin haƙori da na kusa da shi ita ce nisan da sukurun zai ci a juyi ɗaya. Zan fara da abin da ke hannu, sandar M6 ta yau da kullum, wato mai faɗin milimita 6, mai tazarar milimita 1, da notinta.

12 ga Janairu

Na ɗaure notin a jikin dandamalin, na sa sandar tana juyawa a tsakanin boris biyu, na kwantar da komai a kan tebur, na dafa masa agogon awo mai nuna maikuron ɗai-ɗai. Da na murɗa gaba, allurar ta bi. Da na juya baya, sai na murɗa, na murɗa, allura na tsaye cak, sai da na ci kusan kashi ɗaya cikin goma na juyi kafin ta motsa. Wasan da ke tsakanin noti da sanda ya kai maikuron 90. Wato taku 45 na irin wanda nake nema ya ɓace a cikin wasa kawai.

Ba laifin sandar ba ne. An yi ta ne don ta ɗaure abu, kuma da gangan ake barin sarari tsakanin haƙoranta da na noti, don kowane noti ya shiga kowace sanda ko da ta ɗan yi tsatsa ko an shafa mata ruwan kariya. Wannan musanyar ita ce abin da Joseph Whitworth ya nema a Ingila a 1841 da haƙorinsa mai kusurwar digiri 55, da William Sellers a Amurka a 1864 da nasa mai digiri 60, wanda kusurwarsa ce haƙoran sukurori na tsarin mita na yau suke da ita. Alherin da suka yi wa masu ɗaure injuna shi ne ya zame mini cikas.

Gwajin ya sa na raba abubuwa uku da a da nake haɗa su wuri ɗaya. Akwai ƙanƙantar taku, wato mafi ƙarancin motsin da zan iya yi. Akwai komawa wuri, wato idan na bar lamba 40 a jikin mamurɗi, abin da ake kamawa a juya sukurun, na dawo mata, ko dandamalin zai tsaya inda ya tsaya ɗazu. Sannan akwai gaskiyar awo, wato idan mamurɗi ya ce an yi tafiyar milimita 5, ko 5 ɗin ce da gaske. A aikina na ukun bai dame ni ba sosai. In duka tafiyar ta yi kuskuren maikuron 20 a kan milimita 15, hotona ba zai sani ba. Abin da ba zai yafe ba shi ne taku ɗaya ya zama maikuron 1, na gaba ya zama 6, domin nan ne za a sami ratsi mai duhu a tsakiyar hoton.

20 ga Janairu

Na fitar da iri biyu daga lissafi. Na farko sandar Tr8×8 da ake gani a firintocin 3D. Haƙorinta mai faɗin kai ne, kusurwar digiri 30, kuma hanya huɗu ce aka nannaɗe tare, shi ya sa take cin milimita 8 a juyi ɗaya ko da yake tazarar haƙoran milimita 2 ce. Gangaren haƙorin ya kai kusan digiri 20, don haka nauyin da ke kanta yana iya juya ta da kansa, dandamali ya sulale ƙasa da zarar an sake ta. Ta sauri ce, ba tawa ba.

Na biyu sukuru mai ƙwallayen boris a cikin notinsa. Yana da santsi ƙwarai, kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da aka sa yana zama tafiya, amma santsin nan ne ya sa shi ma ba ya riƙe wuri sai da birki. Kuma na matakin inganci C7, wanda aka fi samu, an yarje masa kuskuren maikuron 50 a kowace milimita 300. Ya fi ƙarfin ɗan dandamalin nan a girma, bai kuma warware abin da ke damuna ba.

3 ga Fabrairu

Kwana goma ina kai da komo a kan sukuru mai ƙananan haƙora ƙwarai. Masu aikin madubai da hasken leza suna amfani da M6×0.25, wato mai tazarar milimita 0.25, da na inci mai haƙori 80 ko 100 a inci ɗaya. Tunda inci milimita 25.4 ne daidai, mai haƙori 100 yana cin milimita 0.254 a juyi, mai 80 kuma 0.3175. Zuciyata ta karkata can, don a takarda rabin tazara yana nufin rabin taku.

Na kai maganar wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran na'urorin awo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗauko maikuromitarsa, na'urar auna kauri mai sukuru a ciki, ya miƙo mini.

"Ɗana, haƙori nawa ke cikin wannan?"

"Rabin milimita ne a juyi, Baba."

"To da shi nake auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, in na lura har ƙasa da haka. Me kake nema a wurin rubu'i wanda rabi bai ba ka ba?"

Na dawo na zauna da alƙalami. Zurfin haƙorin M6×0.25 bai wuce milimita 0.15 ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cika shi, kuma in aka soma ɗaura shi a karkace sau ɗaya, ya tafi ke nan. Tafiyar milimita 15 kuma juyi 60 ce, a kan 30 na rabin milimita. Su masu madubai tafiyarsu gajera ce, milimita ɗaya ko biyu, suna saitawa su bar shi. Ni kuwa kullum zan riƙa hawa da sauka.

Sai kuma na lura da abin da ya kamata in fara da shi: girman mamurɗi. Idan faɗinsa milimita 50 ne, kewayensa milimita 157 ke nan. Da sukuru mai rabin milimita, maikuron 2 ya zama motsin milimita 0.63 a bakin mamurɗin, abin da yatsa ke ji, ido kuma ke gani. Ƙanƙantar taku ashe ana iya samunta a waje, a jikin mamurɗi, ba lallai sai an matse ta a cikin haƙori ba. Na tsaya a kan M6×0.5. Gangaren haƙorinsa digiri 1.6 ne kacal, duk inda aka bar shi nan zai kwana.

Tsarin ma na sauya shi. Yanzu noti ne zai zauna daram a jikin gindin na'urar, sukurun ya ratsa shi ya tura dandamalin da bakinsa daga ƙasa, sifirin kuma ya riƙa jawo dandamalin yana danna shi a kan bakin. Ta haka gefe ɗaya na haƙori ne kullum ke ɗauke da nauyi, ko ana hawa ko ana sauka, wasan ya rasa inda zai ɓuya.

10 ga Fabrairu

Na yanka noti na farko da tagulla, don ƙarfe a kan tagulla ya fi ƙarfe a kan ƙarfe tafiya lafiya, kuma in za a ci, gara notin ya ci, shi ne mai sauƙin sakewa. Ramin milimita 5.5 na huda, wato faɗin sukuru a cire tazara. Sai na yi gaggawa na shigar da tab ɗin yanka haƙori da hannu, ba tare da abin da zai tsayar da shi a miƙe ba. Ya shiga a ɗan karkace. Sukurun ya ɗauru, amma bakinsa na zagaye kamar kan ɗan yatsa mai zana da'ira. Na ajiye shi gefe.

Na biyun a kan injin sassaƙa ƙarfe na yi shi, hudawa da yankan haƙori a ɗauri ɗaya, tab ɗin na jingine da tsinin bayan injin, ina juya kan injin da hannu. Tsawonsa milimita 12, haƙori 24 ke nan suke kama sukurun lokaci guda. Na tsaga shi ta gefe da siririn zarto, na sa ɗan ƙaramin sukuru mai matse tsagar, yadda zan iya rage sararin kaɗan-kaɗan har ya kama ba tare da ya cije ba.

24 ga Fabrairu

Wannan makon ne aikin ya koya mini abin da ban sani ba.

Wasa ya tafi. In na juya baya, allura na amsawa kafin in ci maikuron 2. Na yi murna, na zauna na auna tafiyar a kowane kashi ɗaya cikin goma na juyi, na rubuta lambobi hamsin, juyi biyar ke nan. Kowane taku ya kamata ya zama maikuron 50. Abin da na samu shi ne wasu 46, wasu 54, kuma ba a hargitse suke ba. Suna hawa suna sauka kamar igiyar ruwa, tudu ɗaya da kwari ɗaya a kowane juyi, kuma tudun na faɗowa a lamba ɗaya ta mamurɗi kullum. A ƙarshen kowane cikakken juyi lissafi na komawa daidai, maikuron 500. Da a juyi-juyi kawai na auna, da ban taɓa ganinsa ba.

Irin wannan kuskure mai dawowa a kowane juyi tsohon abokin gaba ne ga masu wannan sana'a. Henry Rowland, a jami'ar Johns Hopkins a shekarun 1880, ya ƙera injin da ke zana layuka fiye da 14,000 a inci ɗaya a kan ƙarfe mai sheƙi, don rarraba haske zuwa launukansa. Sukuru ne ke matsar da ƙarfen daga layi zuwa layi, kuma ɗan kuskuren da ke maimaituwa a kowane juyi yakan haifar da layukan ƙarya a gefen na gaskiya a cikin hasken da aka rarraba. Har yau da sunansa ake kiran waɗannan layuka, fatalwowin Rowland. Maganin da ya yi wa sukurunsa shi ne goge shi da dogon noti tsagagge da garin goge ƙarfe da mai, ana kai da komo, ana juya notin kai da gindi, har tudun haƙoran su cinye juna.

Na bi sawunsa gwargwadon hali. Na mai da notin nan da ya karkace abin guga, bayan na sake bi ta cikinsa na tsaga shi, na shafa man goge ƙarfe mai laushi, na yi ta kai da komo na kusan awa biyu. Na wanke sukurun sau uku, don ƙwaya ɗaya ta garin in ta maƙale a tagulla za ta ci gaba da cin ƙarfe har abada. Murɗawa ta yi daɗi sosai, taurin da nake ji a wasu wurare ya baje. Na sake aunawa. Igiyar ruwan na nan, ko gezau.

Daren nan na kasa barin abin. Na cire sukurun na duba bakinsa da gilashi. Da fayil na daidaita shi tun farko, kuma a ido lafiya lau yake, amma shaidar gogayya ta nuna wuri ɗaya ne kawai ke taɓa dandamalin, can gefe, kusan milimita 2 daga tsakiya. Wurin da yake turawa kuma alminiyam ne da ban tabbatar ya yi daidai da miƙewar sukurun ba. In ya karkace da kashi ɗaya cikin biyar na digiri, to wannan tudun da ke zagaye a kansa zai riƙa hawa gangare yana sauka: milimita 2 sau 0.0035, maikuron 7 sama, 7 ƙasa. In aka tara saɓanin takun nan a jere, kusan abin da na auna ke nan. Haƙoran da na kwana ina zargi ba su da hannu a ciki.

Washegari na mai da sukurun kan inji, na huda ɗan rami mai siffar mazurari a tsakiyar bakinsa, na dasa ƙwallon boris na milimita 3, na manne shi. A jikin dandamalin kuma na sa ɗan faifan ƙarfe mai tauri da aka goge, na saita shi da siraran takardun ƙarfe har ya fuskanci sukurun sosai. Igiyar ta sauko ƙasa da maikuron 2 daga tudu zuwa kwari, inda agogon awon nawa ma ya fara kasa rabewa.

2 ga Maris

Wani tunani ya ɗauke mini kwana biyu: sukuru mai haƙori iri biyu a sanda ɗaya. Gefe ɗaya M6×0.75 yana shiga noti tsayayye, ɗaya gefen M4×0.7 yana shiga notin dandamali. A juyi ɗaya sandar ta ci gaba 0.75, dandamalin ya ja baya a kanta 0.7, ragowar 0.05. Maikuron 50 a juyi, da haƙora manya masu ƙwari. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma milimita 15 za ta ci juyi 300, sandar kanta kuma sai ta yi tafiyar milimita 225. Ga shi tazarar ce ake ragewa, kuskuren haƙoran biyu kuwa ba ya raguwa, kowanne da nasa yake zuwa. Wurinta shi ne gyaran ƙarshe na rabin milimita a kan wani sukurun. Na ajiye ta don wata rana.

16 ga Maris

Na ɗora dandamalin a tsaye ƙarƙashin maikuroskof, sai wani saɓani ya fito: agogon awo na cewa abu ɗaya, hoton na cewa wani. Na dafa agogon ne a gefen dandamalin, milimita 30 daga layin da sukurun ke turawa, don nan ne ya fi sauƙin ɗaurewa. Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da Carl Zeiss a Jena, ya bayyana ƙa'idar tun 1890: abin aunawa da abin da ake aunawa su kasance a layi ɗaya. In dandamali ya ɗan sunkuya da kashi ɗaya cikin sittin na digiri yayin tafiya, a nisan milimita 30 wannan ya zama kusan maikuron 9. Sifirin ɗina ma a gefe yake ja, shi ke sa sunkuyon. Na mai da shi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, na kuma matsar da sukurun ya zo daidai ƙarƙashin wurin da gilashin ke kallo.

Sai zafi. Na saita hoto ya fito sarai, na tashi na dawo bayan minti ashirin, na tarar ya dushe, alhali ba wanda ya taɓa mamurɗi. Ginshiƙin da ke riƙe da gilashin alminiyam ne mai tsawon milimita 100, fitilar kuma na kusa da shi. Alminiyam na ƙaruwa da kusan maikuron 23 a kowace mita a kowane digiri, ƙarfe kuwa kusan 12. Ke nan ɗumin digiri ɗaya ya isa ya ɗaga gilashin maikuron 2.3, taku guda cur. Ba banza aka tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake yin awon tsawo a kansa ba. Yanzu nakan kunna fitila rabin awa kafin in fara, na kuma sa wa mamurɗin riga ta roba don ɗumin hannuna ya daina bin sukurun.

30 ga Maris

Jiya na ɗauki jeri na farko cikakke: hoto 140 na idon ƙuda, taku maikuron 2. Da kwamfuta ta haɗa su, babu ratsi ko ɗaya daga sama har ƙasa. Na daɗe ina kallonsa.

Abu biyu suka rage. Na farko, in na tsaya na ɗan lokaci sannan na taɓa mamurɗi, yakan maƙale sannan ya zabura, ya wuce inda nake so da maikuron 3 ko 4. Gogayyar abu a tsaye ta fi ta abu mai tafiya, shi ya sa. Na sassauta matsin notin kaɗan, na canza man da ke ciki daga mai ruwa zuwa giris mai danƙo, irin wanda ke sa murɗawa ta yi nauyi amma ta tafi bai ɗaya. Ya ragu, bai ƙare ba. Ina zargin sifirin biyun sun yi ƙarfi fiye da bukata, tunda yanzu nauyin dandamalin ma na taimaka musu. Zan gwada masu laushi a makon nan.

Na biyu, hannu na gajiya da taku 140, kuma kowace taɓawa na girgiza hoton. Ina da ƙaramin moto mai taku 200 a juyi, digiri 1.8 kowanne. A kan wannan sukuru taku ɗaya maikuron 2.5 ne, rabin taku kuma 1.25. Matsalar ita ce a tsarin da na zaɓa sukurun kansa yana hawa da sauka milimita 15 yayin da yake juyawa, moton kuwa a zaune yake. Dole mahaɗin da ke tsakaninsu ya miƙa juyi, ya bar sukurun ya zame a cikinsa, kuma kada ya tura shi gefe ko kaɗan, in ba haka ba igiyar ruwan da na kora a Fabrairu za ta dawo ta wata ƙofar. Na zana iri biyu: cokali mai yatsu biyu da fil ke zamiya a tsakaninsu, da kuma ɗora moton kansa a kan nasa layin zamiya ya riƙa bin sukurun. Zan fara yanka na farkon, in sake auna lambobi hamsin ɗin nan da moton a haɗe.